Dokta Musaddiq Yana Neman Jini

Duk wanda ya zauna a layinmu na bayan tashar Nyanya ya san Musaddiq. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don tun daga bakin titi ake jiyo ta. Ni kuwa, Zaituna tela, Allah ya haɗa shagona da ɗakinsa bango ɗaya, saboda haka abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji ba.

Dokta ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Ya taɓa aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a cikin gari, aikin tura keken marasa lafiya. Bai daɗe ba aka sallame shi, ranar da ya saki wata tsohuwa a kan gangara ya tsaya yana yi wa masu jinya bayanin hawan jini. Ya dawo mana da farar riga mai aljihu uku da bakin da ba ya rufuwa. In ka ce masa kanka na ciwo, sai ka ji tarihin kai tun daga Annabi Adamu.

To, wannan bawan Allah shi ne ya kamu da son Mashkura. Mashkura ƙawata ce, bazawara, ita ke da rumfar tuwo da farfesu a bakin kasuwar bayan tasha. Abin da zai ba ku mamaki, ita ma tana son sa. Na sha tambayarta, "Ke wai me kika gani a jikin wannan rediyon?" Sai ta ce, "Zaituna, mijina na farko sai ya wuni bai ce min ci kanki ba. Wannan kuwa yana sa ni dariya har in manta da tukunya a wuta." Sai na ba ta gaskiya, don na san irin zaman da ta yi.

Matsalar ita ce mahaifinta, Alhaji Mika'ilu, Sarkin Fawan kasuwar, Bakatsine mai ƙarancin magana. Ranar da Musaddiq ya je gaishe shi, ina rumfar Mashkura ina cin tuwo, komai a kunnena aka yi. Ya durƙusa, farar rigar nan ta sha guga, Alhaji yana zaune kan benci yana wasa wuƙa.

"Sana'arka fa?" in ji Alhaji.

"Bincike, Baba."

"Ana cin sa?"

"Ranka ya daɗe, shi ke ciyar da duniya."

"Ban tambaye ka duniya ba. Kai yana ciyar da kai?"

Musaddiq ya waiga yana neman mafita, sai idonsa ya faɗa kan wani mahauci da ya ɗaure yatsa da tsumma. Shi ke nan, baki ya buɗe. Ya ce ai wannan tsumman abin kunya ne a babban birnin tarayya. Ya ce shi yanzu haka yana dab da kammala wata filasta mai magani a jikinta, wadda in aka manna ta a kan rauni, ko jini na tsartuwa ne sai ya tsaya cak. Ya ce a asibitinsu ya ji manyan likitoci suna zancen irinta, wadda sojojin ƙasashen waje ke yawo da ita, amma tasa ta fi tasu. Wallahi har zuwa wannan lokacin ko zare bai haɗa ba.

Alhaji ya ajiye wuƙa. Ya ce, "Babbar Sallah na tafe, lokacin da yarana suka fi yanke hannu. Ka kawo ta nan kafin Sallah. In na ga ta tsayar da jini da idona, a gaban mahauta, ka turo magabatanka. In ta kasa, ko inuwar rumfar Mashkura kada in ƙara ganin ka."

"Baba, ka ɗauka an gama!"

Mashkura ta dafe ƙirji ta dube ni. Ni kuwa na ci gaba da cin tuwona, don na san za mu sha kallo.

Washegari ya faɗo shagona yana neman ƙyallayen farin yadi. Na ba shi don in samu lafiya. Daga nan ya wuce wurin Madam Mabel, matar maƙwabcinmu Zacharias kafinta, mutanen Filato, wadda ke sayar da kayan miya a ƙofar gida. Wai ya ji likitocin nan sun ce da ɓawon jatan lande ake yin maganin, shi ne ya saye mata busasshen jatan landenta, wato kirafish, kaf. Mabel ta ce, "Oga Dokta, biki za ka yi?" Ya ce, "Madam, tarihi zan yi."

Ya daka kirafish, ya zuba alimun, ya zuba garin bagaruwa, ya jiƙa ƙaro. Da ya ga abin ba ya kama yadi yadda yake so, sai ya je wurin mai faci ya karɓo gam ɗin taya ya tuttula. Ya ɗora tukunya a tsakar gida yana juyawa da muciyar Mabel. Kai jama'a! Warin da ya tashi ranar, har masu sayar da kifi suka toshe hanci. Kayan Sallar mutane da ke rataye a shagona duk suka ɗauka, wata mata ta dawo min da atamfarta ta ce ita ɗinki ta kawo, ba miya ba.

Na leƙa na ce, "Dokta, gawa kake dafawa?"

"Anti Zaituna, ilimi ne. Ba kowane hanci ke gane shi ba."

"To ka gaya wa ilimin ya fita daga shagona."

Ya shafa kwaɓin a kan ƙyallayena, ya yanka su murabba'i, ya shanya a kan kwanon ɗaki. Ya sa mata suna Filastar Tsaya-Cak. Kafin la'asar duk wata mage da ke Nyanya ta hallara a saman kwanonmu, shi kuma yana ƙasa da sanda yana tsalle yana cewa 'yan hassada ne suka turo su.

Saura gwaji. Allah ya kawo Zacharias da tsautsayi, katako ya ɗan kuje shi a ƙwauri, kujewar da ko ɗan yaye ba zai yi kuka a kanta ba. Musaddiq ya hango shi yana share wurin da hannu, ya diro kamar an jefo shi.

"Kada ka motsa, Zacharias! Jininka na cikin haɗari!"

"Oga Dokta, ba komai fa, ƙaramin ciwo ce."

"Haka masu mutuwa ke cewa."

Ya danna masa filasta. Zacharias kuwa mutum ne mai gashin ƙafa, masha Allah. Da farko ya ce yana jin sanyi, can ya ce yana jin zafi, can kuma ya fara kiran sunan Yesu. Musaddiq ya ce maganin ne ke aiki. Zacharias ya tashi zai koma wurin aikinsa, maguna suka bi shi a layi, ƙudaje suka yi masa rakiya. Ranar Lahadi ya je coci, Mabel ta ce bencin da ya zauna shi kaɗai ya zauna a kai.

Da aka zo cirewa, filasta ta ce ba ta san zancen ba. Aka sa ruwan zafi, aka sa kananzir, aka sa man gyaɗa. Ƙarshe Mabel ta taka ƙafar mijinta ta fizge da ƙarfi. Ihun da Zacharias ya yi, direbobin tasha suka zaci taya ce ta fashe. Filasta ta fito da gashi da fata, jini ya ɓalle, wanda ya ninka na farko nesa ba kusa ba. Abin da na lura da shi, Dokta ba ya wurin. Tun da aka ambaci fizgewa ya ce yana da kiran waya, ya fita.

Da ya dawo aka gaya masa, sai ya ce, "To ai kun ga hujja. Duk lokacin da take manne jini ya fito? Bai fito ba. Laifin wanda ya cire ne."

Zacharias ya ce, "Oga Dokta, in ba don ina tsoron Allah ba, da na buga maka ƙusa a kai."

Labari ya zaga layi. Daga ranar, babu wanda ya ƙara jin ciwo a Nyanya, ko in ce babu wanda ya ƙara yarda ya ji. Mai yankan farce in ya yanke mutum, sai su haɗa baki su yi shiru. Ni kaina allurar keke ta soke ni, na hango farar riga tafe, na cusa yatsa a baki na yi kamar ina tunani. Matan layi suka koma yanka albasa a cikin ɗaki, ƙofa a rufe.

Musaddiq ya shiga neman jini ido rufe. Ya je ya zauna wurin wanzami, wanzami ya kore shi, ya ce yana sa hannunsa rawa. Ya bi 'yan acaɓa yana musu fatan alheri da bakin da kowa ya san ba alherin yake jira ba. Ya ɗauki jakarsa ya je babban titi da sassafe, wai ko Allah zai kawo ɗan ƙaramin haɗari. Ina! Wanda ya san cunkoson Nyanya ya san mota ba ta gudun da za ta ji wa kowa ciwo. Ya wuni a rana, abin da ya samu kawai wani direba da ya ce ya matsa ya tare masa iska.

Sallah tana matsowa, raguna sun cika bakin titi, Dokta ya fara ramewa. Wata rana Mashkura ta zo shagona da kwanon farfesu, ta aika aka kira shi. Ta ce, "Musaddiq, ka je ka ba Baba haƙuri. Ka ce ba ka gama ba. Ka nemi ko aikin lodi ne a tasha, wallahi ni zan tsaya maka."

Ya ajiye cokali. "Ni? Lodi? Mashkura, mutumin da za a sa hotonsa a bangon asibitoci?"

"Ni ba bango zan aura ba."

"Ki ba ni zuwa ranar kasuwa. Na samo dabara."

Dabarar da ya samo, ku saurara ku ji. Ya ji labarin wani ɗan tauri a garin Jiwa, Manniru, manomi ne, amma in ana biki shi ke wasa da wuƙaƙe. Kowa ya san 'yan tauri, mutanen da suka sha magani ƙarfe ba ya cin jikinsu. Musaddiq kuwa ya ce duk ƙarya ce, dakusassun wuƙaƙe suke yawo da su. Lissafinsa shi ne, ɗan tauri ne kaɗai mutumin da ba zai iya gudun wuƙa a gaban jama'a ba, don kunya. Shi zai zo da tasa wuƙar mai kaifi, ya ɗan tsaga shi a dantse, jini ya fito, ya manna Tsaya-Cak, Alhaji ya gani, a ɗaura aure.

Na ce, "Shi Mannirun ka gaya masa yanka shi za ka yi?"

"Na ce masa zan gwada wuƙa a jikinsa a gaban mutane."

"Ya ce me?"

"Ya ce in taho da duk wuƙaƙen gidanmu."

"Kai ko a jikinka ba ka ji komai ba?"

"Anti Zaituna, ke ɗinki kika sani. Kimiyya ba ta tsoron laya."

Har Jiwa ya je da kansa ya ɗauko shi, don kada ya fasa.

Ranar kasuwa da hantsi, gaban teburan mahauta ya cika maƙil. Musaddiq ya bi layi-layi yana shela tun ana gobe kasuwa, saboda haka har masu sayar da raguna sun bar ragunansu. Zacharias ya zo yana ɗingishi ya kama wuri a gaba, ya ce ko za a kore shi daga aiki sai ya ga wannan. Alhaji Mika'ilu yana kan bencinsa, mahauta sun kewaye shi. Ni da Mashkura muna bakin rumfarta, hannunta cikin nawa.

Dokta ya hau kan wani tebur, ya ajiye tiren filasta a rana, ya fara jawabi. Ya yi bayanin jini, ya yi bayanin jijiya, ya ce daga yau kalmar zubar jini ta fita daga Nyanya, gobe ta fita daga Najeriya. Wani daga baya ya ce, "Dokta, rana na yi, a yanka mutum mu tafi!"

Manniru ya fito. Ni na zaci zan ga wani ƙato mai jajayen idanu, sai ga mutum siriri, baƙi, mai kunya, har yana sunkuyar da kai in mata sun dube shi. Ya je ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya tuɓe riga ya ninke ta a hankali. Amma makaɗin mahauta yana wurin da kalangunsa, kuma makaɗi ba ya ganin ɗan tauri ya ƙyale. Yana sakin kiɗa, sai bawan Allah nan ya canza. Jikinsa ya ɗauki tsuma, ya daka tsalle, ya kurma ihu yana kirari, yana cewa shi ne dutsen da ya gagari maƙera. Kasuwa ta ɗauki sowa.

Musaddiq ya zaro wuƙarsa, sabuwa fil, ya sa an wasa ta har tana ɗaukar ido. Ya kama dantsen Manniru, ya kawar da kansa gefe, ya ja.

Babu komai.

Ya leƙo da ido ɗaya, ya sake ja. Ko farin layi bai fito ba. Manniru ya karɓe wuƙar ya goga a cikinsa, ya goga a wuyansa, ya goga a harshe, ya miƙa masa abarsa. Ko magani ne, ko wata dabara ce tasu, ni tela ce, ban sani ba. Abin da idona ya gani ke nan.

"An canza min wuƙa!" in ji Dokta. "Baba, a ara min taka."

Alhaji ya miƙa masa wuƙarsa ta fiɗa, wadda ko 'ya'yansa ba sa taɓawa. Musaddiq ya kama da hannu biyu yana gurzawa kamar mai yankan katako, gumi na zuba, kalangu na tashi, Manniru na rawa. Muna kusa, muna jin abin da yake raɗa masa.

"Malam Manniru, don girman Allah, ɗigo ɗaya."

"Ɗigon me?"

"Jini mana! Aurena ne a kai!"

"Jini? A jikina? A gaban mutane? Da wane ido zan koma Jiwa?"

"Ka ɗan sassauta maganin, na minti ɗaya."

"Malam, ba famfo ba ne."

Kafin ka ce me, jama'a sun manta da Dokta. Mahauta suka yanyame Manniru, kowa na tambayar inda ake samun maganin. Wani dattijo ya ce, "To in wuƙa ba za ta kama mutum ba, me za a yi da filasta?" Aka ce wallahi gaskiya ne. Musaddiq yana kan tebur yana ihu, "Jama'a, ku dawo, ba a fara ba!" Ko waiwaye babu wanda ya yi.

Nan ne zuciya ta ɗebe shi. Ya ɗaga wuƙar Alhaji sama ya ce, "Wannan ma dakusasshiya ce! Haɗa baki aka yi! Ku duba, ko tumatir ba za ta yanka ba!" Sai ya yi abin da kowa ke yi in zai nuna wuƙa ba ta da kaifi, ya goga babban yatsansa a bakinta.

Wuƙar Sarkin Fawa fa.

Jini ya taru a kan yatsan, ya gangaro, ya ɗiga a kan farar riga. Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Musaddiq ya dubi yatsa, ya dubi riga, ya ce, "La'ilaha..." Bai ƙarasa ba idanunsa suka juye, ya sulale daga kan tebur ya faɗi rigijib a cikin kwandon ganda.

Mashkura ta saki hannuna ta ce, "Innalillahi!" Alhaji kuwa ko gezau. Ya ce, "To, ga jini ya samu. Ina filastar?"

"Ni zan sa masa!" in ji Zacharias. Ban taɓa ganin mai ɗingishi ya yi sauri irin na ranar ba. Ya isa tire, ashe rana ta narkar da gam, filastocin duk sun haɗe sun zama curi guda kamar bulo. Bai tsaya ɓata lokaci ba, ya yago wani ƙaton ɓangare da hannu biyu, ya naɗe yatsan da shi, ya haɗa har tafin hannu, yana cewa, "Kada ka motsa, Oga Dokta, jininka tana cikin haɗari."

Aka yayyafa wa Dokta ruwa. Ya farfaɗo, ya ga kawuna sun yi masa rumfa, ya ga ganda a kafaɗarsa, ya tuna abin da ya faru. Sai ya ɗora hannu a ka don salati. Hannu ya zauna. Ya ja, gashi ya biyo, ya ƙwala ƙara ya mayar. Dariyar da aka yi ranar, wata mai sayar da kuka sai da aka riƙe ta.

Amma ku ji ƙarfin hali. A haka ya miƙe, hannu manne a tsakar ka, gwiwar hannu a sama, ya juya wurin Alhaji ya ce, "Baba, ka gani da idonka! Jini ya tsaya! Akwai wanda ya ga ɗigo tun da aka manna?"

"Ta ina za mu gani, yatsan yana cikin gashinka?" in ji wani mahauci.

"Ai shi ne sirrin! Ɗaga hannu sama yana cikin tsarin maganin!"

Alhaji ya karɓi wuƙarsa, ya duba bakinta, ya goge a hankali. Sannan ya ce, "Ni ban ga abin da na ce a nuna min ba. Amma ba ni zan zauna da kai ba. Mashkura, zo nan. Ke me kika gani?"

Ta fito tsakiyar fili. Ni na san ta, na san tana dab da kuka, amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce, "Musaddiq, da ka gaya min tsoron jini kake yi, wallahi da ni zan riƙa yanka mana kaza har mu tsufa, ba wanda zai ji. Rashin sana'a ma na ce zan tsaya maka. Amma ka san kai ɗigo ɗaya ba ka iya gani a jikinka, ka tafi har Jiwa ka ɗauko bawan Allah, ka wasa wuƙa don ka tsaga nasa, bai sani ba. Wannan ne ba zan iya ba."

Ya buɗe baki. Ta ce, "A'a. Yau kam kada ka ce komai." Ta juya ta shige rumfarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don duk shirmensa ban so abin ya ƙare haka ba.

Da taro ya watse, Dokta ya ce jiri yake ji, ƙafafunsa ba za su kai shi ko'ina ba. Kowa ya kama gabansa. Manniru ne, wanda aka kawo don a yanka, ya mayar da rigarsa, ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi wurin wanzami, ya riƙe masa kai har aka aske gashin aka ɓamɓare hannun daga kan. Mashkura ta ji labari, ta aika wa baƙo da tuwo da farfesu don ban haƙuri. Ya dawo da kwano da kansa, ya yi godiya kansa a ƙasa. Ranar kasuwa ta gaba ya kawo mata doya daga gonarsa. Ta gaba ma ya kawo. Ba na son in ja ku da nisa, bayan Sallah da 'yan watanni magabatan Manniru suka zo daga Jiwa, Alhaji Mika'ilu ya ba su.

Ni aka kawo wa ɗinkin biki. Ina cikin yi wa leshin amarya kalmasa, sai ga Musaddiq ya shigo, gashi ya fara tsirowa, babu farar riga. Ya zauna a kan bencin masu jira, ya daɗe yana kallon leshin.

"Nata ne?"

"Nata ne."

Ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda ya saba, don masu wucewa su ji. "Ai Anti Zaituna, ki tambayi kowa a garin nan. In ba don ni ba, ina za ta gan shi? Wa ya san shi a Nyanya? Ni na gano shi. Ni na je har Jiwa da ƙafata na ɗauko shi, na kawo shi har ƙofar rumfarta!"

Na ce, "Haka ne, Musaddiq. Kai ka kawo shi."

Ya buɗe baki zai ƙara, na dakatar da keke ina jira. Can ya sunkuya ya ɗago bakin leshin da ke jan ƙasa, ya karkaɗe shi, ya riƙe min har na gama kalmasar.